Muryar da Aka Ji a Gidan Batula

Duk unguwar da ke bayan kasuwar Kurfi an san Batula mai ƙuli-ƙuli, amma sanin bakin ƙofa ne: a miƙo roba, ta zuba, a wuce. 'Yar Barkiya ce, aure ya kawo ta gari tun da ƙuruciyarta. Mai gidanta Malam Audi ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suna gidajen mazajensu, ɗaya Maraɗi, ɗaya Zariya. Saura Naziru, autanta, mai gyaran babur a Dutsin-Ma. Dutsin-Ma kuwa ba bangon duniya ba ne, wanda ya taso daga can bayan azahar, a Kurfi zai yi la'asar. Amma Naziru daga Sallah sai Sallah, sai ko waya, ita ma a tsaitsaye: "Inna, lafiya dai ko? To madalla, aiki ya yi mini yawa."

Da girmanta ta koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau ba ta iya karatu a zuci ba. In kunnenta bai ji kalma ba, ba ta shiga kanta. Littafin da take karantawa kuwa na Muhsina ne, matar Naziru, ta manta shi a ƙarƙashin filo da suka zo ƙaramar Sallah. Labarin wata mata ne da aljani ya shige ta a gindin tsamiya. Batula ta ɗauka don ta adana mata, ta leƙa shafin farko, shi ke nan. Kullum in ta gama suya ta yi azahar, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya ta hau karatu da ƙarfi. In aka zo kan maganar aljanin sai ta kumbura murya kamar ta ƙato, don a ganinta bai dace aljani ya yi magana irin ta mai ƙuli ba.

Marubucin ya so ya tsorata mutane, ita kam bai same ta ba. Wani wuri daban ne ya taɓa ta. Ranar da matar ta faɗi, dangi suka cika gida, ɗanta ya rufe shago ya taho a guje, ya zauna ya riƙe mata hannu har aka gama karatu a kanta. Batula ta yi ta komawa wannan shafin har man gyaɗa ya ɓata gefensa. Ƙyashin matar take ji. Ta yi istigfari, ta sake komawa.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da maƙwabciyarta Yahanasu. Wata rana da tsakar rana Yahanasu ta ji muryar namiji a gidan da ba namiji, yana cewa, "Ba zan fita ba, nan ne gidana." Ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta kasa kunne. Washegari ta sake ji. Da yamma ta yi ta maza ta zo, ta toge a bakin zaure.

"Yaya Batula, ki yi haƙuri, na ji abin da ke magana ta bakinki. Na kira Naziru na faɗa masa."

Dariya ta taso wa Batula. Littafin yana nan ƙarƙashin tabarma, ɗagawa kawai za ta yi magana ta ƙare. Sai ta ji bakinta ya ce, "Me ya ce?"

"Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya ce gobe-gobe."

Batula ta haɗiye dariyar, ba ta ɗaga tabarmar ba. Ta share ɗakin Naziru, ta jiƙa gero, ta kirɓa masa fura mai citta yadda yake so.

Da hantsi babur ya tsaya a ƙofar gida, Batula ta miƙe da murna. Amma wanda ya yi sallama Malam Ubaidullahi ne, mai makarantar allo a Rawayau, wanda ake kira in ana zargin iska ta taɓa mutum. Ya ce Naziru ne ya turo shi, kuma Nazirun ya ce in abin ya yi tsanani a kira shi ya taso.

Yahanasu ta zauna a gefe. Malam ya yi Fatiha da Ayatul Kursiyyu, ya yi ta karatu yana tofawa a ruwa. Sannan ya ɗaga murya yadda ake yi wa aljani, ya ce, "Wane ne kai? Me kake nema a jikin baiwar Allah?"

Muryar ƙaton tana nan a maƙogwaronta, ta iya ta sarai. Kalma biyu za ta yi da ita, Naziru ya rufe shago. Amma yanzu aka gama karanta mata ayoyin Allah, ba za ta iya ƙarya a kansu ba. Hawaye suka zubo mata.

"Ni ce, Malam. Littafi nake karantawa." Ta jawo shi ta ajiye a gabansa. "Ba kowa a jikina. Ɗana kawai nake son gani."

Malam ya dubi littafin. Ya ciro waya ya kira Naziru, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Naziru, ba iska ba ce. Mahaifiyarka lafiyarta ƙalau, sai dai ina ganin..."

"Alhamdu lillahi, Malam, hankalina ya kwanta. A gaishe ta, a ce mata sai Babbar Sallah in Allah ya kai mu." Aka ji ƙarar guduma a bayansa, wayar ta yanke.

Yahanasu ta sunkuyar da kai. Batula ta goge fuska da gefen mayafi, ta tashi ta dama furar, ta kawo wa Malam a babban kwano.

"A shanye duka, Malam," ta ce. "In an rage, lalacewa za ta yi."