Ranar da Kwamfuta Ta Cinye Iyakar Gonarmu

Ba a daɗe da ba Katsina jiharta ba, babban ɗana ya dawo daga karatu a Turai da wani akwati mai fuskar talabijin, wai ita kwamfuta. Aka ware mata ɗaki guda a gidanmu na Dutsin-Ma, har da mayafi. Ni da na haife shi ko labule ban samu ba.

Aikin kirki ɗaya na ga ta yi. Baffansa ya zo daga Barkiya, tsoho tukuf, ya wuni yana faɗin iyakokin gonar gado, ɗana yana ta ƙwanƙwasawa. Ina bakin ƙofa ina tsintar wake. Na ce a sa a takarda ma. Ya ce, "Inna, wannan ba ta mantuwa." Tsohon bai ga damina ba, rai ya yi halinsa.

Sai ga abokinsa, wani malamin lissafi Kirista mutumin kudu, da baƙaƙen faya-fayai a leda. Wai sabuwar ƙwaƙwalwa za su zuba wa kwamfutar, wadda masana suka haɗa suka bari a buɗe, kowa ya leƙa cikinta, ya gyara, ya ba wani.

Na ce, "Su wa suka ba ku? 'Ya'yan wane ne?"

Malamin ya yi dariya. "Mama, mutanen duniya ne kawai."

"Madalla. To kayan da ke cikinta fa? Mu in za mu yi sabon daɓe, tukwane muke fara fitarwa."

Ɗana ya ce, "Haba Inna, wannan ba harkar daɓe ba ce."

Na koma ga aikina. Tun hantsi suke cusa faifai suna zarewa. Daga baya na ji ashe na'urar ta fi su hankali, don sai da ta tsaya ta tambaya ko ta share duk abin da ke cikinta. Masu ilimi har biyu suka ce mata e. Wajen la'asar wani ɗan rubutu ya fito yana ƙyaftawa, suka miƙe suna tafawa sai ka ce haihuwa aka yi.

Da ruwan shuka ya sauka, maƙwabcin gonar ya shigo mana da garma, mai unguwa ya aiko a je a nuna iyaka. Ɗana ya shiga ɗakin da ƙarfinsa. Na ji ƙwanƙwasa, na ji shiru. Can ya fito ya tsuguna gabana.

"Inna, ko kin riƙe wani abu a maganar Baffa?"

"Ni? Ai ban yi boko ba. Je ka tambayi mutanen duniya."

Na bar shi a tsugune har na gama tankaɗe, sannan na ce ya ɗauko takarda. Daga kukar da aradu ta tsaga, a bi gamba gabas har gawo biyu, a karya kudu zuwa dutsen da kakansa ke wasa gatari.

Da muka je Barkiya, muka tarar an turbuɗe dutsen a cikin huɗar maƙwabcin. Mai unguwa ya sa aka tono shi, magana ta ƙare.

Takardar tana cikin kwallata har yau. Da ɗana ya nemi ya kai wa na'urar ta kwafa, na ce in tana so ta tako ta zo da kanta.