Lambar Tsakiya a Jikin Taya

Kafin mutanen Gure su laƙaba mini sunan da suke kirana da shi a bayan idona, ni mai faci ne, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Lakwal, wato makarantar boko, ba ta karɓe ni ba, ni ma ban matsa mata ba, sai mahaifina ya kai ni rumfar Malam Madu, tsohon mai facin da ke bakin tasha. Baba muke ce masa. A gidansa na ci tuwo shekara da shekaru, ɗaki ɗaya nake kwana da ɗansa Ari, wanda na girme wa, yake ce mini Yaya. Samari, ku nake rubuta wa wannan, musamman ku da ke zama a fada, majalisarku ta bakin titi, kuna shan shayi kuna miƙa wa juna waya ana kallon motoci. Kunya ta daɗe tana hana ni magana, har yanzu ma ba ta sake ni ba.

Abin da Baba ya fara koya mini shi ne karatun jikin taya. Kowace taya tana da lambobi uku a gefenta. Ta farko faɗinta ne. Ta ƙarshe girman janti ne, wato ƙarfen da take zama a kansa. Ta tsakiya kuwa tana nuna tsayin gefen, naman da ke tsakanin janti da ƙasa. Baba yakan ɗora yatsa a kanta ya ce, "Mutanen birni faɗi suke kallo. Mu nan, wannan ce tamu." Dalilin kuwa kowane direban Gure ya san shi. Da ka bar kwalta ka nufi Kelle ko Gamu, rairayi ne a gabanka. Kana isa bakinsa sai ka sauka ka rage wa tayoyi iska, gefen ya baje kamar tafin raƙumi, mota ta bi ta saman yashi. Taya mai dogon gefe ce take jure haka. Mai gajeren gefe in ka rage mata iska ba abin da zai baje, sai dai ta saki janti.

Da na iya aiki Baba ya sallame ni da albarka, ya ba ni famfo da ƙarafan ɓare taya, na kafa rumfata a wancan ɓangaren tashar. A nan na fara lalacewa, kuma da ƙaramin abu na fara. Wata tsohuwar taya ce ta daɗe a jingine ba mai tayawa, na wanke ta, na goge ta da baƙin man takalmi. Ranar wani direban Gidigir ya saye ta, har yana yi mini godiya. Na ce wa raina ai ban yi ƙarya ba, shi ya ga baƙi ya ɗauka sabuwa ce. Daga nan na koyi ɗora wuƙa a garwashi in sake tsaga wa tayar da ta siɗe sabon zane. Kowace tsaga naman tayar take ci, na sani sarai, amma ido ba ya gani. Daga baya har alamar shekarar da aka ƙera taya nake kankarewa. Idan wani ya dawo da ƙorafi sai in ɗora wa zafin kwalta laifi, kuma a garinmu wa zai yi musun zafi?

Ana haka sai labarin wata mota ya shigo wayoyin samari. Ƙaramar motar tsere ce da aka ce za a fito da ita nan gaba kaɗan, kuma wai kuɗinta ba zai gagari mai albashi ba. Ba wanda ya taɓa ganinta sai a hoto, amma a fada an haddace ta kamar an yi goyonta. Ƙofa biyu gare ta, ƙafafun baya ke tura ta, giya shida ta hannu, ba ta da nauyi, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ba inda za ka sa buhun gero, balle akuya. Wani ya ce ko tudun rage gudu na gaban kasuwa ba za ta hau ba, aka taso masa kamar ya zagi iyayen wani. Yaron da ko keke bai mallaka ba sai ka ji yana rantsuwa a kan wace kala zai saya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu ƙafafunta ne. An ce tayarta 215/45 ce a kan janti 17, mai faɗi, gefenta siriri kamar an ɗaura wa ƙarfen baƙin zare. Da yake ni ne mai karanta lamba, sai aka riƙa kawo mini waya ina fassarawa. Na ji daɗin wannan girma. Ina cikin fassarar ne wata rana na lura da yadda suke kallon hoton, sai na gane cewa motar ta fi ƙarfinsu, amma ƙafafunta ba su fi ba.

Na tafi Damagaram wajen masu kwance matattun motoci, na tsinto jantuna 17 da tsofaffin tayoyi masu waccan lamba, duk sun siɗe, wasu gefensu ya fara tsattsagewa. Na kawo su bayan rumfa na yi musu aikin wuƙa da man takalmi. Ramukan kusoshin jantunan ba su dace da motocinmu ba, na bi su da zarto na faɗaɗa. Sannan na saki magana a fada cewa tayoyin sabuwar motar ne, an turo su gaba ta Kwatano kafin ita ta iso, wani aminina ya sama mini kaɗan. Wanda duk ya sa su, in ji ni, ya riga kowa taka ƙafar motar a Gure. Masu tsofaffin ƙananan motoci suka yi ta zuwa, wani ma babur ɗinsa ya sayar.

Sai ga Ari. Lokacin yana jan wata tsohuwar ƙaramar mota, yana ɗaukar fasinja zuwa ƙauyuka. Tayoyinta 70 ne a tsakiya, masu dogon gefe, Baba da kansa ya zaɓa masa. Ya tsuguna gaban jantunan yana shafawa, ya ce, "Yaya, ni ma a sa mini, amma kar Baba ya ji tukuna." Da na ce masa a'a, da yau ba ni da labarin ba ku. Maimakon haka na ce don shi ƙanena ne zan yi masa sauƙi. Da na gama ɗaurawa ya zagaya motar yana murmushi, sannan ya tambaye ni, "To in na shiga rairayi fa, zan iya rage musu iska?" Na san amsar tun ina yaro, a rumfar ubansa na koye ta. Amma in na faɗi gaskiya cinikin ya watse. Na ce, "Rage abinka, na zamani ne, ba ruwansu."

Ba a daɗe ba aka yi haihuwa a dangin Baba a Kelle, Ari ya zo ɗaukarsa zuwa suna. Abin da ya faru Ari ne ya ba da labarinsa daga baya. Baba ya fito ya ga ƙafafun motar, ya tsaya, ya ɓata rai. Ya ce, "Wa ya sa maka waɗannan?" Ari ya ce Yaya ne. Baba idonsa dama ya fara rauni, bai duƙa ya duba ba. Ya ce, "To, in shi ne ya sa, ya san abin da yake yi." Ya shiga ya zauna. Da suka isa bakin rairayi Ari ya sauka zai rage iska, Baba ya leƙo ya ce anya. Ari ya ce Yaya ya ce a rage. Baba ya ce, "Shi ya fi ni sanin na zamani."

Sun wuce yashin da kyar. Da suka hau wuri mai tauri Ari ya ɗan taka, a wata kwana tayar gaba ta saki janti, ƙarfen ya caki ƙasa, motar ta kife. Ari ya fita da ƙujewa. Baba kuwa hannunsa na dama yana kan taga, motar ta danne shi. A asibitin Damagaram aka yanke shi daga gwiwar hannu.

Ban je dubiya ba. Ina tattara sauran jantunan zan ɓoye jandarmomi suka same ni, da rana tsaka, tasha cike da mutane. Da labari ya bazu duk wanda na taɓa cuta ya fito, har direban Gidigir na farko. Ni kuma na shirya abin da zan faɗa wa alƙali: ni jahili ne, ban yi lakwal ba, ni ma sayar mini aka yi, ban san bambancin lambobi ba. Na faɗa kuwa, har da rantsuwa. Sai aka kira Baba. Ya shigo, hannun rigarsa ɗaya a naɗe. Alƙali ya tambaye shi ko zai yiwu ban sani ba. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na koya masa. Ban taɓa samun yaro mai gane taya kamarsa ba. Ya sani." Na daɗe ina jiran ranar da Baba zai yabi aikina a gaban jama'a, ashe a nan zan ji. Na sunkuyar da kai na ce gaskiya ya faɗa.

Gidan kaso ba sai na ja muku labarinsa ba. Akwai zafi, akwai kwarkwata, akwai tuwon da ba ya kai wa ciki. Mahaifiyata ta daina zuwa kasuwa saboda nuni da ake yi mata da baki. Amma abin da ya fi cina shi ne, duk lokacin da na ɗaga hannun dama zan kai loma, sai in tuna wanda na ci tuwonsa yana koyon ci da hagu da furfurarsa. Na roƙi Allah gafara har na rasa kalmomi.

Da aka sake ni na yi ta kewaye tasha kamar baƙo. Wata safiya dai na daure na je rumfar Baba. Na tarar da taya a gabansa, ya danne ta da gwiwa yana fama da ƙarfe da hannu ɗaya. Na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe mini." Ya ɗago kai ya ce, "Na yafe tun ina asibiti. Kama nan." Na kama ƙarfen. Tun daga ranar a rumfarsa nake. Ari kuwa in na gaishe shi yana amsawa, amma ya daina ce mini Yaya, sunana yake kira.

Motar nan har yau ba ta iso Gure ba. Samari suna kawo mini waya, wai an ƙara mata kaza, an rage kuɗinta. Ina karanta musu lambar, in nuna musu ta tsakiya, in ce wannan ta kwalta ce, ba ta hanyar Kelle ba. Ku so mota, ba laifi ba ne. Amma ku masu koyon sana'a, ku ji tsoron ranar da za ku goga wa wani abu baƙi ku ce ai ba ku yi ƙarya ba, don ni daga nan na fara. Kuma in wanda ya yarda da ku ya yi muku tambaya, kuka san amsar, ku faɗa masa ko da ciniki zai watse.

Da ina yaro Baba bai taɓa duba aikina ba, in na ce na gama, an gama. Yanzu duk tayar da na haɗa, kafin a ɗaura ta sai ya ce in mirgino masa. Ya bi zanen da yatsun hagu, ya laluba lambobin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga wa direba kai. Ni kuma ina tsaye a gefe da hannuwana biyu, ina jira ya gama.