Bokitin Auta

Akwai mutumin da in ka miƙa masa allura sai ya tambaye ka inda ake kunna ta. Auta ke nan. An haife shi bayan an fid da rai da haihuwa, uwa ta gaji, uba ya tsufa, babu mai sauran ƙarfin tsawata masa. Yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa, 'ya'yansa sun isa aike, amma har yau Auta ake kiransa, kuma bai taɓa yin abin da zai sa a sauya masa suna ba.

Sana'a kuwa ya zaga ta kamar mai neman ɓataccen akuya. Ya yi gyaran rediyo har ya kashe na gidansu. Ya sayi keken ɗinki mai lantarki, bai taɓa koyon zura zare ba. Ya yi injin markaɗe, ya yi wankin mota da wani famfo mai ƙugi. A duk ciki ba aikin yake so ba, injin yake so. In abu yana ƙara yana hayaƙi, mutane suna waiwayowa, to Auta ya samu sana'a, har zuwa ranar da aka daina waiwayowa.

Yayarsa ce ta gaji lambun dashen mahaifinsu, wani dogon fili a bakin titi da ya yi tudu ta baya. Kowa a layin Yaya yake ce mata. Ita Baba ya koya wa auren itace, wato a yanko reshe daga itace mai kyau a ɗaura shi a kan ɗan dashe, ya girma ya yi 'ya'ya irin na uwar. Uwar kuwa guda ɗaya ce a lambun, tsohon itacen lemu da Baba ya shuka da hannunsa can ƙarshen tudun. Lemunsa zaƙi, ɓawo siriri, ƙwallo ba yawa. Saboda shi ake tsallake lambuna da yawa a zo wurin Yaya. In ka cire lemun Baba, abin da ya rage ƙasa ce a cikin leda, irin wadda kowa ke sayarwa.

Yaya ta iya aikinta, kuma ta san ta iya, wannan shi ne ciwonta. Ta raina masu lambun layin, ta raina masu saye da ba su san lemu da lemun tsami ba sai sun lasa. Amma rainin da take wa Auta daban yake, tun yana cikin zanen goyo ta fara shi. Da matarsa ta zo ta durƙusa tana roƙo a ba shi wani abin yi a lambun ubansa, Yaya ta amsa ne don kunyar yaran.

Da safen da zai fara aiki, sai ga shi a kan babur mai ƙafa huɗu, irin mai manyan tayoyin nan da ke shiga laka da rairayi. Tsohuwar motar Baba ya bayar aka musanya masa. A gaban babur ɗin an ɗaura wani faffaɗan bokitin ƙarfe. In ya danna maɓalli, waya ta naɗe, bokitin ya ɗaga. In ya ja wani ƙarfe kusa da gwiwarsa, bokitin ya kife ya zubar da abin da ke ciki gaba ɗaya.

“Yaya, zamanin baro ya wuce,” in ji shi, bai ko kashe injin ba. “Abin da mutum biyu ke yi yini guda, ni kafin shayinki ya huce na gama.”

Yaya ta dube shi daga hula har takalmi. “Kashe wannan abin, kana firgita mini masu saye.”

Ya nufi tulin yashin da ruwa ya jiƙa, ya cika bokitin har ya yi tozo, ya ɗaga shi sama don 'yan titi su gani, ya nufo gangare. Gaba ya rinjayi baya, tayoyin baya suka tashi, Auta ya bi ta kan bokitin ya sauka a kan kayansa. Mai faci da ke tsallaken titi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

A faɗi gaskiya, ya koyi tuƙin. Ya gane a riƙa ɗaukar kaya ƙasa-ƙasa, jiƙaƙƙen yashi rabin bokiti, gangare kuma da baya-baya. Karo na farko ke nan da Auta ya koyi wani abu har ƙarshe, kuma babu wanda ya sha wahalar hakan kamar masu sauraronsa. Ya yi wa bokitin fenti, ya sa masa fitila, yana wanke shi fiye da yadda yake wanke ƙafarsa. Masu turin baro biyu da suka daɗe a lambun suka ga ba a bukatarsu, suka kama gabansu. Yaya kuma, da gwiwarta ta fara hana ta hawan tudu, ta kafa kujera a bakin ƙofa, ta ce masa ya riƙa yin haukansa can baya inda idonta ba zai gan shi ba.

Dab da damina motar taki ta zo ta juye kashin kaji a ƙofar lambu, ɗanye, yana tururi, warinsa har cikin shagunan maƙwabta. Ɗanyen kashin kaji wuta ne. Baba yakan sa a baza shi a rami nesa da itatuwa, ya sha ruwa ya huce, sai wata shekara a taɓa shi. Duk wanda ya taɓa riƙe shebur a lambun ya san haka, sai dai Auta bai taɓa riƙewa ba.

“Kwashe ka kai baya,” in ji Yaya.

“A ina zan zuba?”

Ta ja tsaki. “Ɗan mai lambu ne ke wannan tambayar? Ka tambayi injinka.”

Ya kuwa bi shawarar injin. A bayan lambun wuri ɗaya ne shimfiɗaɗɗe da babur zai juya ba wahala, ga kuma inuwa, wato gindin lemun Baba. Auta har daɗi ya ji da dabararsa: ga wurin ajiya, ga abinci ga itacen, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Mai baro da ya gaji yakan zubar nan da can, tulin ya bazu. Bokiti ba ya gajiya. Ya je har jikin itacen, ya ja ƙarfe, ya kife, ya koma ya ɗebo, tayoyi suna daddanne ƙasar da saiwoyi ke ciki har ta yi tauri kamar daɓe. Kafin la'asar taki ya rufe gindin har ƙirjin mutum.

Ruwa ya sauka a kai damina guda. Auta bai ɓoye komai ba, wauta ba ta san ɓuya ba. Ya zo ya ce mata lemun Baba ya yi fure ba lokacinsa ba, ya cika 'ya'ya ƙanana kamar zai karye, duk albarkar aikinsa. Itacen lemu in ya ji mutuwa haka yake yi, kuma Yaya ta fi kowa sani. Amma ta daɗe da daina jin maganar Auta, ƙara ce kawai kamar ta babur ɗinsa. Ta ce “Uhm,” ta ci gaba da cika leda. Daga baya ya ce itacen yana zubar da ganye zai sake sabo. Ta ce ya matsa ya tsare mata haske.

Lokacin auren itace ya matso, 'yan dashe sun yi layi sun kai kaurin fensir, suna jiran reshe. Ran nan Auta ya gangaro da bokiti cike da ƙirare, ya kife a gabanta yana murmushi.

“Ga na dafa shayi, Yaya. Sun bushe ƙayau, da hannu ma karyewa suke.”

Ta ɗauki ɗaya. Ta san ƙayar, ta san ɓawon, ta san har wurin da wuƙarta ta taɓa yanka bara. Ta ɗauki sanda da wuƙar auren da ta gada wurin Baba ta hau tudun, tana tsayawa tana hutawa, Auta na biye da ita a kan babur a hankali yana cewa ta hau ya kai ta.

Itacen na tsaye tsirara a cikin baƙin tuli. Ta durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo, ta tona da hannu har ta kai gindin. Ɓawon ya saɓule a tafinta, baƙi, jiƙaƙƙe, ya ruɓe zagaye guda. Ta miƙe ta bi rassan da hannunta ya kai, tana kankara da wuƙa ko za ta ga kore. Ta sa Auta ya hau bokitinsa ya karyo na sama. Duk busassu ne. Kuka ya zo mata, ta haɗiye shi don kada ya gani.

“To ai ba a faɗa mini ba,” in ji Auta, yana share hannu a wando. Sai kuma ya ƙara, “In kina so gobe in ɗaura masa igiya in tumɓuke. Wannan babur ɗin yana da ƙarfi fa.”

Ta buɗe baki za ta zage shi, zagin da ta tanada shekara da shekaru, sai ta rasa ta inda za ta fara da ba zai biyo ta kanta ba. Dashen bara duk ta sayar, ko ɗaya ba ta rage ba, don me za ta rage alhali uwar na nan?

Washegari ta yafa mayafi ta dogara sanda zuwa ƙarshen layi, lambun wani mutum da ta saba kira mai sayar da ciyawa. Shekarun baya ya aiko an saya masa dashe ɗaya na lemun Baba a wurinta, yanzu ya zama itace. Ta yi sallama, ta gaishe shi har da tambayar iyali, sannan ta roƙi reshe. Mutumin bai ja rai ba, ya kai ta gindin itacen da kansa. Da ta zaro wuƙa sai ya ɗaga hannu.

“A'a, Yaya, kawo in yanka miki. Ba na barin kowa ya taɓa shi, itacen nan ba ya son hannun da bai san shi ba.”

Ta miƙa masa wuƙar Baba, ta ce, “To.” Ta tsaya a rana tana jira ya zaɓa mata.