Lambobin Baba Sojan Ruwa

Bayan aurenmu, ni da maigidana muka kama haya a Tudun Fulani, a gidan wani dattijo da duk unguwa ke kira Baba Soja. Mutumin Gbagyi ne, Kirista, daga gidan manoman doya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu garuruwa wajen aiki, shi kaɗai yake zaune a ɗakin da ke kusa da bishiyar mangwaro. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ni ina koyarwa a firamare, saboda haka kullum in zai kira ni sai ya ce, "Malama, ka zo."

Da farko na ɗauka sojan ƙasa ne irin waɗanda muka saba gani. Ran nan ina gaishe shi na ce, "Baba, ashe kun sha daji lokacin yaƙi."

Ya dube ni ya ce, "Wane daji? Ni ruwa na sha."

Ashe sojan ruwa ne. Abin ya ba ni mamaki, domin mu nan Minna ruwan da muka sani shi ne na rafi da na famfo in ya ga dama ya zo. Ya ce shi ma bai taɓa ganin teku ba sai ranar da aka sauke su a Ikko suna samari, ana cikin yaƙin basasa. Wai da ya hango shi sai ya tambayi na kusa da shi, ina ɗaya gaɓar take.

Duk shekara idan ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta ƙarato, yakan jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ya fito da kakinsa. Fari ne, amma tsufa ya sa ya koma kalar madara. Shi yake wankewa, shi yake sa sitaci, shi yake gogewa da dutsen guga na gawayi, ba ya yarda kowa ya taɓa. Lambobin kuwa da toka da lemun tsami yake goge su, har sai sun ɗauki ido. Mu dai daga nesa muke kallo.

Sai wata shekara hannunsa ya fara rawa. Na dawo daga makaranta na same shi a gindin mangwaro da allura da zare, ya kai ya kawo zaren ya ƙi shiga. Na ajiye jakata na ce ya kawo in taimaka. Ya yi kamar zai ƙi, sannan ya miƙo mini rigar da hannu biyu.

Alamar da ke hannun rigar ce ta ɓalle. Ina ɗinkawa ina tambaya, shi kuma yana ba ni amsa. Ƙugiyar nan da aka zana da zare, ya ce anga ce, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Igiyoyin da ke ƙarƙashinta na shekarun da ya yi ba a taɓa kama shi da laifi ba ne. A ɗaya hannun akwai hoton farfela, alamar masu aiki a ɗakin inji. Can ƙasan jirgi yake, inda ba iska, inda in mutum zai yi wa ɗan'uwansa magana sai ya sa baki a kunnensa ya yi ihu. Tun daga nan kunnensa na hagu ya mutu.

Lambobin huɗu ne a jere a kan ƙarfe ɗaya, kowace da ƙyallenta mai launi. Na zaci zai buɗe baki ya ba ni labarin jarumta, irin yadda tsofaffi ke yi in sun sami mai saurare. Sai ya riƙa nuna su da yatsa yana rage musu daraja.

"Wannan, duk wanda ya je yaƙin an ba shi. Wannan na daɗewa a aiki ne. Wannan kuma kowa ya samu, har mai dafa abinci."

Na ce, "Ta ƙarshen fa?"

Ya ce, "Wuta ya kama, na kashe."

A ƙasan akwatin akwai wata 'yar alama mai ruwan zinariya, kifi biyu suna fuskantar juna. Na ce wannan ai ta fi duka kyau, me ya sa ba ya maƙala ta? Ya ce ba tasa ba ce. Bayan yaƙi an tura su ƙasar waje ƙaro ilimin inji, malaminsu wani tsohon Bature ne da ya yi yaƙin duniya a cikin jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku. Shi ya taɓa shigar da su irin jirgin, yana tsaye a tasha. Baba ya ce kamar a saka mutum a tankin ruwa ne a rufe, ba taga, gado a kan gado, ko'ina warin mai da zufa. Bai daɗe a ciki ba ya ji ƙirjinsa ya cushe, ga shi mutanen nan sukan yi makonni a haka, ana jefo musu bam daga sama, su kuma dole su yi tsit kada a ji motsinsu.

"Mu muna fitowa mu ga rana," in ji shi. "Su babu. Ranar da zan dawo ya ba ni wannan. Na karɓa don girmansa. Amma in na sa a ƙirji, na yi ƙarya. Ban shiga ƙarƙashin ruwa ba."

Na gama ɗinkin zan mayar da rigar, sai na ga wani ƙullin hankici a lungun akwatin. Ya lura na gani. Ya kwance shi da kansa. Lamba ce guda, irin ta farkon nan da ya ce an ba duk wanda ya je yaƙin, amma ƙyallenta sabo fil, ba a taɓa maƙala ta ba. Ya ce in karanta abin da aka rubuta a gefenta. Suna ne na Musulmi, da sunan mahaifi.

Abokinsa ne, ɗan Limawa. A jirgi suka haɗu, da suka gane garinsu ɗaya sai suka zama kamar wa da ƙani. Bai ga ƙarshen yaƙin ba. Da aka zo raba lambobi, babbansu ya kira Baba ya ce, tunda garinku ɗaya, ka kai wa iyayensa. Da ya zo hutu ya nemi gidan, aka ce mahaifin ma'aikacin jirgin ƙasa ne, an yi masa canji zuwa can arewa, ya kwashe iyalinsa. Ya bi sawu har gari biyu bai dace ba. Bayan ya yi ritaya ya sake tambaya a Limawa, amma waɗanda ya samu yara ne, ba su san sunan ba.

Na ce, "Baba, ai ni 'yar Limawa ce. Mahaifina a jirgin ƙasa ya yi aiki har ya tsufa."

Ya dube ni ya ce, "Ka tambaye shi mana."

Ranar Asabar na je gida. Na sami mahaifina a zaure yana sauraren rediyo. Ina faɗin sunan ya rage murya.

"Ɗan mai juya wa jirgi layi? Wanda ya tafi soja bai dawo ba? Ai tare muka yi makarantar allo. Iyayen sun rasu a can inda aka kai su. Amma ƙanwarsa aure ya dawo da ita, tana nan Tudun Wada. Ke ma kin san ta, wadda kuke sayen daddawa a gidanta kuna yara."

Na san ta ƙwarai. Ba wanda ke kiranta da sunan gidansu, kowa Inna mai daddawa yake cewa, shi ya sa duk tambayar Baba ba ta kai gare ta ba. Mahaifina ya aika mata cewa za mu zo, ya kuma faɗa mata dalili, don kada abin ya zo mata a ba-zata.

Ranar da za mu tafi, na fito na sami Baba cikin farin kakinsa tun daga hula har takalmi, lambobin suna ƙirji. Rigar ta yi masa yawa saboda ramar tsufa, amma yadda ya tsaya, sai na ga kamar ya ƙara tsawo. Na ce ko ya sa kayan gida don zafi. Ya ce a'a, aike ne aka ba shi a bakin aiki, da kayan aiki zai isar. Mai keken da ya ɗauke mu ya yi ta leƙensa ta madubi har muka isa.

Aka yi mana iso. Inna tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki, ta lulluɓe da mayafi. An ajiye wa Baba kujera, amma ya ƙi zama. Ya cire hula ya saƙale a hammata, ya gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba. Da ta ɗago kuwa, ba fuskarsa ta duba ba, kayan ta bi da kallo daga sama har ƙasa.

"Irin wannan yake sawa?"

"Irinsa, Inna. Sai dai nasa alamar hannu daban ne. Shi a sama yake, wajen tuƙi."

Ta ce, "Ban taɓa ganinsa a ciki ba. Ina ƙarama ya tafi. Ya ce in ya zo hutu zai sa mana mu gani."

Baba ya miƙa mata hankicin. Ta kwance, ta juya lambar gaba da baya, ta ajiye a cinyarta. Sannan ta yi tambayar da na gane ita ce ta daɗe tana damunta.

"Bawan Allah, faɗa mini gaskiya. An ce mana a ruwa ya mutu. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah tana kuka, wai kifi ne ya cinye mata ɗa. An yi masa sutura?"

Sai a nan Baba ya zauna. Ya ce sun ɗauko sojoji ne suna shiga da su wani siririn kogi mai duhun itatuwa, aka buɗe musu wuta daga gaɓa. Jirgin ya kama da wuta ta baya. Abokinsa yana wajen tuƙi harsashi ya same shi, amma bai saki ba sai da wani ya karɓa. Shi Baba yana ƙasa yana fama da wutar, da ta mutu ya hau sama, ya same shi da sauran numfashi. Ya ɗauke shi ya kai shi inuwa. Yana faɗa, sai Baba ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mata tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ba don komai ba sai don ya ce da hannun nan ya tallafe kansa, kuma ya ji yana kalmar shahada.

"Ni ban san yadda ake yi a addininku ba," in ji shi. "Na je na roƙi babbanmu kada a bar shi a ruwa. Da muka kai tudu na bi sojoji ɗaya ɗaya ina tambaya, waye Musulmi, waye ya iya. Na samu wani Bakano ya iya. Suka wanke shi, na kawo zanin gadona fari sabo. Suka yi salla, ni ina tsaye a baya. Ni na haƙa ramin, su suka nuna mini inda zai duba. A ƙasa yake, Inna. Ƙarƙashin itacen kwakwa."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke motsi. Ni ma na kasa riƙe nawa. Da ta natsu ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya saka maka da alheri. Da ma a ce Innarmu ta ji wannan." Ta ƙulle lambar a bakin zaninta, ta kira jikarta ta ce a kawo wa baƙi fura.

Baba ya sha furar nan har ya nemi ƙari, shi da a gida sai an yi da gaske yake cin abinci.

Tun daga ranar zumunci ya ƙullu. In doya ta fito, 'yan'uwansa na ƙauye suka kawo masa, sai ya ware manya a kai Tudun Wada. In salla ta zo, tuwo da miyar taushe sukan iso gidanmu a kwano mai murfi, da ƙullin daddawa a gefe. Mu yanzu mun tashi mun koma namu gidan, amma nakan bi in ɗauke shi mu je gaishe ta, don ƙafa ta fara ba shi wahala.

Zuwanmu na baya-bayan nan musu na same su suna yi bayan na fito daga gaida matan gidan. Inna ta dage cewa yayanta dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Baba ya ce sam, gajere ne, a kafaɗarsa yake tsayawa, har tsokanarsa ake yi a jirgi. Ta ce ai ita ta san ɗan'uwanta. Ya ce, "Inna, lokacin kai ƙarami ne, kowa dogo ne a wurinka." Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ita dai ba ta yarda ba. Suka juyo gare ni wai in raba gardama, na ce ni ba a haife ni ba, sai dai mu biya ta Limawa mu tambayi mahaifina.