Mai Harkar Ƙwaya

A layin binciken kaya na tashar jirgin ƙasa, wani mai furfura yana gabana, kwat ta yi masa yawa. Ya rataya kati a wuya, an rubuta Farfesa da manyan baƙaƙe, kada mu yi kuskure. Yana riƙe da hannun gyatumarsa. Na ji yana faɗa a waya cewa yau jami'a za ta karrama shi, kuma in jirgin nan ya wuce su, shi ke nan.

Ma'aikacin tsaro ya gaida tsohuwa, ya tambaye ta cikin raha me ɗanta yake yi.

"Harkar ƙwaya, ɗan nan," in ji ta, tana washe baki. "Har ƙasar waje ake kiransa."

Da alama ya yi wa duniya bayanin aikinsa, uwarsa ce kawai bai samu lokacin yi wa ba. Ya dunƙule hannu biyu yana gwara su, yana yi wa ma'aikacin bayani: ƙwayar zarra ce, ana harba ta cikin na'ura ta yi karo da 'yar'uwarta, ta tarwatse, a duba abin da ya fito.

"Tana cikin jakar?" in ji ma'aikacin.

"Ai ba a ganinta da ido, Yallaɓai."

"Duk haka kuke cewa."

Yanzu ga jaka a buɗe, safa nan, takardu can. Ma'aikacin yana tarwatsawa yana duba abin da ya fito. Karatun ya shige shi da wuri.

Jirgi ya busa. Tsohuwa ta dafa ɗanta.

"Ka ba shi 'yar kaɗan mana, ɗan albarka, mu wuce."