Gaisuwar da Aka Ɓoye wa Kawu a Saman Shafi

A ma'aikatar kowa Kawu yake ce masa, ko da yake babu wanda uwarsa ta haɗa jini da shi. Furfura ce ta jawo masa sunan, don sauran duk yara ne, masu gemun da bai gama yanke shawarar fitowa ba. Aikinsu gina shafukan intanet, irin waɗanda mutum ke buɗewa a waya ya nemi ganin likita ko ya nema wa ɗansa makaranta. Su suna gini da ido, shi yana bin bayansu da kunne, don Kawu makaho ne.

Ba da makantar aka haife shi ba. Da can gyaran rediyo yake yi, har ya yi aure ya kama ɗaki da falo. Sai idon ya fara janyewa a hankali, kamar baƙon da ba ya son a ji fitarsa. Kafin ya gama tafiya matar ta riga shi, ta ce za ta je duba mahaifiyarta. Har yau ana duba tsohuwar. Ƙanensa ya ba shi ɗakin bakin ƙofa, kusa da inda ake jingine babur. Matar ƙanen ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Takan ajiye masa kwano a kan lokaci, ta ƙwanƙwasa, amma kafin ya buɗe baki takalminta ya kai tsakar gida.

A ƙungiyar makafi ya koyi kwamfuta, da manhajar nan mai karanta wa mutum abin da ke kan allo. Muryar mace ce ta inji, ba ta numfashi, ba ta dariya. Ya saba da ita har yana sa ta gudu kamar mai tseren kai gulma, wanda idan wani ya saurara ba zai tsinci ko kalma ba. Da masu ba da aiki suka fara cewa ba za su karɓi shafin da makaho ba zai iya shiga ba, sai ma'aikatar ta tashi neman makaho kamar mai neman gishiri tukunya na kan wuta. Haka Kawu ya samu aiki.

Aka ba shi ɗakin ƙarshen lungu, inda ake tara kujerun da suka karye. Babu taga. Manaja ya ce ai taga a wurinsa asara ce, kuma ya faɗa ne da zuciya ɗaya, abin da ya fi ciwo ke nan. Allon kwamfutarsa a kashe yake kullum, fitila ma haka, sai masu wucewa su ɗauka babu kowa a ciki. Shi kuwa yana nan, abin sauraro a kunne, yana danna maɓalli ɗaya yana tsalle daga wuri zuwa wuri a shafin da aka turo masa. Inda yaran suka yi ha'inci muryar takan tona su. Ta ce hoto, ta yi shiru, ba ta san ko na jariri ne ko na akuya ba. Ta ce maɓalli, maɓalli, maɓalli, ba suna, kamar ƙofofi a gidan haya. Sai ya rubuta kuskuren a inda ake tara kurakurai, wani ya gyara, ya sa alamar an gama. Iyakar zumuncin ke nan.

Sai aka ɗauki wata yarinya da suke kira Auta. Bai san muryarta ba, aikinta ya sani. Shafinta kamar ɗakin mace mai tsabta yake, kowane abu da sunansa da mazauninsa, makaho ya shiga ya fita bai yi tuntuɓe ba.

Wata safiya ya buɗe shafin gwaji na wani asibiti, wanda ba a riga an sakar wa jama'a ba. Kafin muryar ta faɗi sunan asibitin sai ta ce, "Kawu, ina kwana? Ya ƙafar?"

Ya cire abin kunnen ya juya wajen ƙofa. Ba kowa. Jiya kuwa ya yi karo da bokitin mai shara, ya wuni yana ɗingishi, bai zaci wani ya lura ba. Ashe a sana'ar tasu akwai yadda ake rubuta magana a ɓoye ta ga ido, muryar kaɗai ke ganinta. Don a taimaki makafi aka yi dabarar, a raɗa musu abin da mai ido ya gane da kallo. Nan Auta ta cusa gaisuwarta.

Daga ranar kullum da sabuwa. Yau ta ce Manaja ya sa rigar da ta matse shi, Allah ya rufa wa Kawu asiri da bai gani ba. Gobe ta tambaye shi wa ya yi masa askin da ya bar gefe ɗaya. Shi kuma a ƙasan kurakuran da ya lissafo mata sai ya ƙara cewa ƙafa da sauƙi, wanzamin kuma abokin hamayya ne. Idan ya zo saman shafi yakan rage gudun muryar, ya ji gaisuwar a natse kamar mai tsotsar alawa. Ya fara kai rigunansa guga. Me ya hana ta takowa lungun ta gaishe shi da baki? Yaran yanzu yatsunsu sun fi ƙafafunsu zumunci. Shi ma bai nema ba, kada garin neman ƙiba a samo rama.

Ana haka Manaja ya zo da sabon tsari. An daina ajiye aiki a shafin gwaji yana jira, duk abin da aka gina ranar zai fita wa jama'a, a gyara a can. Auta ta ci gaba da gaisuwarta a inda ta saba, ba ta tuna saman shafin nan guda ne a duk shafukan asibitin ba.

Ranar hutu Kawu ya je zaman ƙungiya. Wata tsohuwa mai sayar da sabulu ta ce wayarta ta haukace, ta shiga neman ganin likita an kira ta Kawu, har ana tambayarta ko ta karya kumallo. Aka yi ta dariya, wani ya ce ta gode Allah, shi ko 'ya'yansa ba sa tambaya. Amma Dogo, wani tsohon direba, bai yi dariya ba. Shi ranar da ya shiga ƙafa aka sake tambaya, ga shi kuwa ƙafarsa ce ta kumbura. Ya tabbata wani ne ke leƙensa ta cikin wayar, ya rufe, ya rantse ba zai ƙara taɓawa ba. Bai ga likitan ba ke nan, ƙafar kuma tana ta hawa. Kawu ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa.

Da ya koma aiki gaisuwar na jiransa. Ya saurara, ya mayar, ya sake saurara. Mai ido ba zai taɓa ganinta ba, ko Manaja ya kwana yana kallon allo. Kunne ɗaya ne ke jinta a duk ginin, nasa. Idan ya yi shiru za ta shekara a wurin tana yi masa ina kwana. Sai dai Dogo ba shi kaɗai ne mai ƙafa a garin ba. Ya rubuta kamar yadda yake rubuta kowane kuskure, cewa akwai ɓoyayyen rubutu a saman kowane shafi yana ruɗa masu saurare, a cire. Bai ambaci sunan kowa ba. Kafin azahar an sa alamar an gama.

Washegari shafin ya fara da sunan asibiti, tsaf, yadda ya kamata. Can sai ya ji takalmi ya tsaya a ƙofarsa.

"Kawu, ina kwana." Siririyar murya ce, mai mura.

"Lafiya lau. Wace ce?"

"Auta ce."

"Au, ke ce mai tsorata marasa lafiya?"

Ta ɗan yi dariya, ta ba da haƙuri. Ya ce ta zauna, ta duba kujerun babu mai ƙafa huɗu. Ta tambayi ƙafarsa, ya ce ai ta daɗe da warkewa. Yarinyar da ke da baki a yatsu ta rasa abin cewa, shi ma duk barkwancin da ya tanada ya gudu. Aka kira ta daga babban ɗaki, ta ce za ta riƙa zuwa.

Ta sake zuwa sau ɗaya. Daga nan sai gaisuwar wucewa daga bakin lungu, daga nan aiki ya yi yawa. Wata rana ya ji shafi yana ta maɓalli, maɓalli, ba suna, ya tambayi mai shara, ta ce ai Auta ta samu wani wurin.

Dogo ya ga likita, yana takawa yanzu, yana bugun ƙirji a ƙungiya cewa rantsuwarsa ce ta kori mai leƙen. Kawu bai gyara masa ba. Kowace safiya yakan jingine sanda, ya sa abin kunne, yatsansa ya rage gudun muryar tun kafin ya tuna. Ta faɗi sunan asibitin a hankali, harafi na bin harafi. Sai ya mayar da ita kan gudunta ya kama aiki.