Dattijon da Ke Shinshina Katako

A wani shagon katako a unguwar Al-Murabba ta birnin Riyad, Bashari direba yana jiran a loda masa ƙofar da kafilinsa, wato ubangidansa Balarabe, ya saya, idonsa na kan wani dogon dattijo mai jallabiya da rawani irin na 'yan Sudan. Yatsu biyu sun guntule a hannunsa na dama. Yana shafa katakon tik mai tsadar nan, yana kai hanci yana shinshinawa, hawaye na bin kumatunsa.

Bashari, mai taƙamar iya karantar mutane, tuni ya gama tsara masa rayuwa: dazukan kudancin Sudan, zarton da ya cinye yatsun, yaƙin da ya raba shi da iyali. Har tausayi ya kama shi. Ya tattaro ɗan Larabcinsa ya matsa.

"Ya shaihu, sabur, sabur."

Dattijon ya dube shi da ido ɗaya.

"Samari, da jin Larabcin nan Bahaushe ne kai. Irin wannan icen na yi shekaru ina yanka a dajin Nimbiya, wajen Kafancan. Garinsa ne ya faɗa mini a ido. Ɗan hura mini mana."

Bashari ya yi ɗage, ya hura.